Tsoron ɓarawo na sa muna kulle kanmu da abin da ya fi ɓarawo haɗari

Bazazzagi_TudunWada: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da nake so masu sani a zauren nan su duba mana. Tun da matsalar tsaro ta matso gefen gari, kusan kowane magidanci a Zariya ya ƙara tsawon katanga, ya sa ƙarfe a taga, ya ƙara kwaɗo a ƙofa. Babu mai ganin laifinsa. Amma a ganina matakan nan suna jawo wani haɗarin cikin gida. Janareta ya koma baranda don kada a sace, tukunyar gas ta koma ɗaki, taga ba ta buɗuwa, makulli yana aljihun mutum ɗaya, an hana yara fita sun koma kan waya, shi kansa maigida ba ya barci. Na zuzuta ne, ko haka abin yake? In haka ne, yaya za a tsare waje ba tare da an halaka ciki ba?

Injiniya_Kwangila: Wa alaikumus salam. Ba ka zuzuta ba, Malam. Mu fara da janareta. A cikin hayaƙinsa akwai iskar kabon monoksaid, ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kamawa sau 200 da wani abu, don haka mutum yana numfashi amma jininsa ba ya kai komai ƙwaƙwalwa. Ƙa'ida ita ce inji ya kasance a fili, aƙalla mita 6 daga kowace ƙofa da taga, bakin salansa yana kallon nesa da ɗakuna. Baranda, zaure, ƙarƙashin bene, banɗaki, gareji ko da a buɗe yake, duk ba wurin ajiye shi ba ne. Inda aka fi samun asara shi ne lokacin zafi: an buɗe taga, an kunna fanka, inji yana ƙarƙashin tagar, fankar tana zuƙo hayaƙin ciki.

Abu_Hanwa: Injiniya, mita 6 a ina? Gidajen haya na Tudun Wada da Sabon Gari tsakar gidan gaba ɗaya ba ta kai mita 6 ba. In ka kai shi waje kuma, kafin asuba ya yi ƙafa. Ku faɗi abin da talaka zai iya.

MaiWalda_SabonGari: Yaya Abu, maganin sata keji ne, ba shigo da shi ɗaki ba. A zuba kankare kamar tafin hannu a kauri, a dasa ƙarfen kwana a ciki tun yana ɗanye, a yi kejin da sandunan ƙarfe, a bar aƙalla ɓangare uku a buɗe. Rufin kwano a sama don ruwa, amma ya ɗaga, kada ya zauna a kan injin. Kwaɗon a yi masa akwatin ƙarfe yadda almakashin yanka ba zai samu wuyansa ba. Kuskuren da ake yi shi ne a gina masa ɗaki da bulo a bar 'yar taga. Injin zai yi zafi ya ƙone kwayil, hayaƙin kuma ya bi ta silin ya sauka a ɗakin kwana. Masu jona bututu a salansa su sani cewa girgizar inji tana tsaga walda, hayaƙi ya riƙa fita ta wurin jonin ba a sani ba.

Injiniya_Kwangila: Haka ne. In gidan ya yi matsi har babu fili, to a kunna da magariba a cika batir da fitila da fanka mai caji, a kashe kafin kowa ya kwanta. Kada a kwana da shi a kunne. Kada kuma a zuba fetur yana da zafi, a ba shi kamar minti 15 ya huce.

Sista_Shika: Bari in ƙara alamomin, don sau da yawa ana ɗauka maleriya ce ko an ci wani abu. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, rikicewa. Abin lura shi ne mutane da yawa a ɗaki ɗaya su kamu lokaci guda, kuma su ji sauƙi idan sun fita waje. Jariri da mai ciki da tsoho su ne suke fara galabaita. Idan an tarar da haka, a buɗe ƙofa, a fito da kowa fili, a kashe injin, a tafi asibiti ko da sun farfaɗo, domin oksijin ake sa musu na tsawon awanni. Kada a ɗura wa wanda ya suma madara ko manja, huhu zai tafi. A kwantar da shi a gefensa. Kuma ba janareta kaɗai ba. Kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki da hunturu a rufe ƙofa, iskar ɗaya ce. Garwashin da ya daina hayaƙi yana nan yana fitar da ita.

Ummu_Palladan: Innalillahi. Kaskon nan kam kusan kowane gida. Allah ya saka da alheri Sista.

Lantarki_PZ: Akwai ƙararrawar da ke gano wannan iska, da batir take aiki, girmanta bai fi tafin hannu ba. Kusa da ɗakunan kwana ake maƙala ta, kuma tana da ranar ƙarewar aiki a bayanta. A duba da kyau, domin ta hayaƙin gobara daban ce, ba ta jin wannan. Sai wani abu da ba a ambata ba: masu haɗa janareta da gida ta soket da waya mai kai biyu. Babu makunnin sauya layi, wutar tana komawa kan falwaya ta kama ma'aikacin da ke gyara, idan an kawo wuta kuma inji ya ƙone. A sa makunnin sauya layi, ba shi da tsadar da ta kai rai.

GasDinGida_Samaru: Maganar gas. Iskar gas ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, idan ta zuba ba sama take yi ba, ƙasa take kwanciya, ta taru a ƙarƙashin kabad da lungu. Shi ya sa buɗe taga ta sama kawai ba ya fitar da ita, sai an buɗe ƙofa. Gwaji mai sauƙi: a kaɗa ruwan sabulu, a shafa a bakin tukunya, da regileta, da duka bakunan tiyo. In kumfa na tasowa yana girma, akwai yoyo. Ba a gwadawa da ashana. Tiyo ya zama na gas, ba na ban ruwa ba, a ɗaure bakinsa da kilif, ba da waya ko robar taya ba, a canja shi da zarar ya yi tauri ko ya tsage, in ma bai nuna komai ba kada ya wuce shekara 2 zuwa 3. Tukunya tana da shekarar ƙira a jikin hannunta, a Najeriya shekara 15 ake ba ta. Kuma ba a cika ta maƙil, kashi 80 cikin 100 ake zubawa don gas yana kumbura da zafi. Mai kilo 12.5 a zuba mata kilo 12.5, a auna a sikeli. Wanda ya ce "ƙara mini ta yi nauyi" a watan Afrilu, wallahi bai san abin da ya roƙa ba. Ƙaramar mai kilo 6 da ake murɗa murhu a kanta, robar da ke bakinta ce take cinyewa, a riƙa duba ta duk lokacin da aka yi ciko.

In an ji wari: a rufe regileta, a buɗe ƙofofi, a fita da yara. Kada a taɓa makunni, ko kunnawa ko kashewa. Kada a kunna fanka wai don ta kore shi.

Hajiya_Gyallesu: Malam mai gas, to in mai ya kama wuta a kasko fa? Mata da yawa ruwa suke fara ɗauka.

GasDinGida_Samaru: Hajiya, ruwa a kan mai mai wuta tashi yake yi ya watsu har silin. A kashe gas, a rufe kaskon da murfi, a bar shi ya huce, kada a ɗauka a ce za a fita da shi. Na'urar kashe gobara mai hoda, kilo 2 ta isa kicin, a rataye ta kusa da ƙofa ba kusa da murhu ba, allurarta ta kasance a kan kore.

Sista_Shika: Ƙuna kuma ruwan famfo ko na randa ake kwarara mata minti 20, ba ƙanƙara ba. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura. Ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai, baƙin mai, toka. Ƙunar fuska, hannu, al'aura, ko wadda ta fi tafin hannun mai ita, ko ta ƙaramin yaro, asibiti kai tsaye.

MaiWalda_SabonGari: Mu koma kan taga, don a nan maganar Malam Bazazzagi ta fi ƙarfi. Gida mai ƙofa ɗaya, kicin yana kusa da ƙofar, duk tagogi an binne musu ƙarfe a siminti. In wuta ta tashi a kicin, ta ina za a fita? Kowane ɗakin kwana ya samu taga ɗaya da ƙarfenta ke kan hinji, yana buɗuwa daga ciki da sakata. A lulluɓe sakatar da farantin ƙarfe yadda hannu daga waje ba zai kai ba. In kwaɗo aka sa, makullin ya rataye a ƙusa a cikin ɗakin, nesa da taga, inda yaro ɗan shekara 8 zai iya kaiwa. A riƙa sa wa hinjin mai, don bayan damina biyu tsatsa tana riƙe shi.

Sintiri_DanMagaji: Ina girmama ku, amma ku yi hattara kada mutane su saki jiki. Wanda ke gefen gari, wajen Dan Magaji ko hanyar Basawa, ba daidai yake da na cikin ganuwa ba. Taga mai buɗuwa in aikin bai yi kyau ba, ƙofa ce aka buɗe wa mugu. Sai dai zan yarda da abu ɗaya: katanga kaɗai ba ta tsare gida. Abin da ke aiki shi ne maƙwabta su san juna. Kowane gida ya samu usur, a yi yarjejeniya kan busa, a samu fitilar sola a lungu, a sare ciyawa da kangon da ba kowa. Lambar kiran gaggawa ta 112 kyauta ce, amma a ajiye har da ta DPO na yanki da ta shugaban 'yan sintiri da ta 'yan kwana-kwana, a rubuta a takarda a manna a bango, don waya tana iya mutuwa. Makaranta ta san sunan mutum biyu kacal da za su iya ɗaukar yaro. Kuma a daina sa hoton yara da rigar makaranta a Facebook, ko sanar da tafiya kafin a dawo.

Yar_Kongo: Ƙari a kan na Baba Sintiri. Yanzu akwai masu kira su ce ɗanka ya yi haɗari ko yana hannunsu, a turo kuɗi yanzu-yanzu. Iyali su ajiye wata kalma ta sirri da su kaɗai suka sani. A katse, a kira yaron ko wanda yake tare da shi. Lambobi 6 da ake turowa na WhatsApp ba a ba kowa, a kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Banki ba ya kira ya tambayi lambar sirri. Kowa ya haddace lambar rufe asusu ta bankinsa tun kafin waya ta ɓace.

Likita_Wusasa: Na ga an tsallake ƙarshen maganar mai tambaya, wato maigidan da ba ya barci. Babba yana buƙatar awa 7 zuwa 9. Wanda yake kwana kunne a bakin ƙofa, yana bin bidiyon hare-hare har ƙarfe ɗaya, jikinsa ba ya sauka daga shirin gudu, kuma jini yana hawa. Hawan jini galibi ba ya ciwon kai, sai an auna. Yadda ake aunawa a gida: a zauna minti 5, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji. Ban da goro, shayi mai ƙarfi ko sigari minti 30 kafin nan. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, safe da dare, kwana 7, a rubuta. A watsar da na ranar farko. In matsakaicin ya kai 135/85 a gida, ko 140/90 a asibiti, a ga likita. In ya kai 180/120 tare da ciwon ƙirji, dishi-dishin gani ko sarƙewar numfashi, ba a jira gobe.

Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya da yajin tsire duk a ciki suke. Maganin hawan jini ba a daina shi don awo ya sauka, maganin ne ya saukar da shi. Mai shan maganin hawan jini na amlodifin da ƙafarsa ta kumbura ya koma a canja masa, kada ya ajiye. Masu haɗiyar dikilofenak kullum don ciwon jiki su sani yana ɗaga jini yana cin ƙoda. Baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta harɗe, alamun shanyewar ɓarin jiki ne: a duba agogo, a nufi babban asibiti nan take, kada a ba shi ruwa ko magani ta baki.

Abu_Hanwa: Likita, to wanda barcin ya ƙi zuwa fa? A kemis ana ba da 'yar ƙwaya, mutum ya yi barci lafiya.

Famasi_KofarDoka: Yaya Abu, wannan ƙwayar galibi dayazefam ce ko 'yar uwarta. Cikin 'yan makonni jiki yake sabawa, ɗaya ta daina isa. Wanda ya daɗe a kanta kuma ba a yanke masa rana ɗaya, yana iya jijjiga, likita ne zai rage masa a hankali. Haɗa ta da taramol ko maganin tari mai kodin yana iya tsayar da numfashi cikin barci. Gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin tun 2018, taramol ɗin da aka yarda da shi kuma na miligiram 50 da 100 ne bisa takardar likita, mai 225 ɗin nan ta bayan fage yake shigowa. Abin da ya fi aiki ga barci: lokacin tashi ɗaya kullum, a ajiye waya awa ɗaya kafin kwanciya, ƙailula kada ta wuce minti 30, ban da goro da lemon ƙarin kuzari bayan la'asar. Labarai a ware musu lokaci da rana. In unguwa tana da jadawalin sintiri, wanda ba ranarsa ba ya kwanta ya yi barcinsa.

Malam_Alaramma77: Duk na ji, amma kada a manta da azkar na safe da yamma da Ayatul Kursiyyu. Yawan damuwar nan raunin tawakkali ne.

Likita_Wusasa: Allah ya gafarta Malam, azkar ba mai ja da shi, kuma yana kwantar da zuciya. Amma in aka ce wa mara lafiya rauninsa ne, sai ya ɓoye. Ciwon damuwa cuta ce da ke kama mai ibada da wanda ba ya yi. Ma'auninta: sati 2 ko fiye mutum yana cikin ƙunci, abin da yake so da ya fita ransa, ci da barci sun rikice, yana jin ba shi da amfani. Akwai sashen masu kula da wannan a asibitin koyarwa na Shika, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Maganin yana ɗaukar sati 2 zuwa 4 kafin a fara jin sauƙi, kada a yar da shi a satin farko. In mutum ya fara cewa gara ya mutu, a tambaye shi kai tsaye, tambayar ba ta sa masa tunanin. A kwashe guba da magunguna daga kusa da shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Ɗaure shi da mari ba magani ba ne, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta ba shi haƙƙi.

Malam_Alaramma77: Na karɓa. A haɗa biyun, a yi addu'a a kai shi asibiti.

Ungozoma_KofarGayan: Tunda an zo nan, mai jego ma a sa mata ido. Kuka da rashin sukuni na kwanakin farko yana wucewa kafin sati 2. In ya zarce, ko ta ƙi jaririn, ko ta daina barci gaba ɗaya tana maganganu marasa kan gado, asibiti, ba a jira arba'in. Sai kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a nan Zariya suka rubuta yawan ciwon zuciyar masu jego, suka danganta shi da kanwa mai yawa da kwanciya a gadon wuta. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Kumburin ƙafa, haki, tari in an kwanta, kasa kwanciya sai da matashi uku, alamun zuciya ne.

Hajiya_Gyallesu: Anti Ungozoma, iyayenmu sun yi wankan jego sun sha kunu sun rayu. Ba za mu bar al'ada gaba ɗaya ba.

Ungozoma_KofarGayan: Hajiya ba a ce a bari ba. Wanka da ruwa mai ɗumi wanda gwiwar hannu za ta jure, ba tafasasshe ba. Kunu a yi shi da tsamiya ko gyaɗa. Wadda jininta ya hau lokacin ciki kuwa, kanwa ba tata ba ce ko kaɗan, kuma a auna ta cikin satin farko bayan haihuwa.

Malama_Basawa: Yaran da aka kulle a gida kuma, ba a hana su fita sannan a miƙa musu waya a ce an tsare su. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce ɗan ƙasa da shekara 2 ba a zaunar da shi gaban allo, ɗan 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya. Manyan kuma waya ta kwana a falo. Family Link na Google yana ƙayyade lokaci da manhajojin da za a sauke. Abin da ya fi muhimmanci, yaro ya san in baƙo ya nemi hotonsa ko ya yi masa barazana, zai faɗa a gida ba tare da an fara dukansa ba. Gidaje huɗu ko biyar su ware tsakar gida ɗaya da yamma, babba ɗaya yana zaune, yara su yi guje-guje.

Manomi_Bomo: Ga wani misalin da ya dace da tambayar farko. Saboda sata, manoma sun daina barin hatsi a rumbu, buhunan masara da wake suna ɗakin kwana ko ɗakin da ke manne da shi, an jefa musu ƙwayar kashe ƙwari. Ƙwayar nan da ta ji danshi take sakin iskar fosfin, wadda ke bi ta silin da tsagar bango, kuma ba ta da makari. Ba a amfani da ita a ginin da mutum ke kwana. Ga buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhu a waje: hatsi ya bushe sosai, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora a kan katako nesa da ɓera. Ƙwarin suna mutuwa don rashin iska, ba a sa ko ɗigon magani.

Famasi_KofarDoka: Har da fiya-fiya da kananzir da ake ɗurawa a robar lemo. Yaro in ya sha kada a sa shi amai, kada a ba shi manja. A cire masa kayan da suka jiƙe, a wanke fatar da sabulu, a tafi da robar asibiti don a san abin da ya sha. Dalalar miyau, gumi, da ƙanƙancewar ƙwayar ido alamun fiya-fiya ne.

Sintiri_DanMagaji: Na karanta duka, amma har yanzu ni ban gamsu da taga mai hinji a gidan da ke bakin daji ba. Wanda yake can ya fi sanin abin da yake ji da dare.

Abu_Hanwa: Ni kuma tambayata ta 'yan haya tana nan. Mai gida ba zai yarda a fasa masa siminti a canja ƙarfen taga ba.

MaiWalda_SabonGari: Ba sai an fasa ba, Yaya Abu. Ana yanke murabba'i a tsakiyar ƙarfen da ke nan, kamar santimita 60 kowane gefe, a zagaye shi da ƙarfen kwana, a mayar da abin da aka yanke a kan hinji biyu. Aikin rabin yini ne. Baba Sintiri, ga naka: a juya hinjin ciki, a walde kan fil ɗinsa don kada a buge shi ya fita, a sa sakata biyu sama da ƙasa masu shiga cikin firam. Bayan an gama, a sa wanda ya fi kowa jiki a gidan ya gwada fita ta wurin kafin a biya mai aikin.